Muhawara: ruwa, titi ko asibiti, wanne za mu sa a gaba?

Malam Habu (admin): Assalamu alaikum jama'a. Kansila ya aiko da takarda cewa hukumar gari za ta zauna kan kasafin kuɗin baɗi, kuma an nemi kowace mazaɓa ta kawo buƙatu uku a jere, mafi muhimmanci a sama. Ranar Litinin za a miƙa. Kowa ya faɗi nasa tare da dalili. Ban da zagi, ban da siyasar jam'iyya, kuma don Allah a dakata da turo hotunan barka da safiya har mu gama.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ruwa. Ku rubuta shi a na ɗaya, ku maimaita a na biyu da na uku.

Sale Direba: Haba Maman Ilham, ki bar mana ko gurbi ɗaya mana. Ni dai titi. Abin da na samu a mako rabi na bakanike ne, yau taya, gobe shokozoba. In titi ya gyaru kuɗin mota zai sauka, kaya su yi sauƙi, mai naƙuda ma ta isa asibiti kafin ta haihu a hanya.

Maman Ilham: Malam Sale, kai motarka ce ke wahala, ni 'ya'yana ne. Tun kafin asuba nake tashin su da jarkoki. Su bi layi, su dawo, sannan a yi wanka a tafi makaranta. Babbar 'yata kullum sai an gama darasin farko take shiga aji, a kuma hukunta ta kan makara. Ga rijiyar burtsatse nan a ƙarshen layinmu, da tankinta da solarta, allon ƙaddamarwa har yau yana sheƙi da sunan wanda ya buɗe ta. Awaki ne ke kwana a ƙarƙashin tankin.

Garba: An tambaye mu bara. An tambaye mu bara waccan. Ku dai ku yi ta rubutu. An riga an raba kwangila tun tuni, hotonmu kawai ake nema a ce an tuntuɓi jama'a.

Malam Habu (admin): Garba, ba ka faɗi ukunka ba.

Garba: Na ɗaya, a gaya mana inda buƙatun bara suka kwana. Na biyu da na uku na bar muku sadaka.

Injiniya Kabiru: Malam Sale, ina bayanka a kan titi, amma ka ji wannan. In muka rubuta "titi" kawai, za a zo a shimfiɗa kwalta mai kyau, a yi hoto, damina biyu ta mayar da mu inda muke. Babu abin da ke kashe titi kamar ruwan da ya rasa hanyar wucewa. Yakan shiga ta 'yar tsaga, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi laushi, babbar mota ta bi ta kai, sai rami. Je ka duba inda ramukan titinmu suka fi yawa, za ka tarar daidai inda kwalbati ya toshe ne. Don haka magudanar ruwa kafin kwalta.

Abu na biyu nauyi. An yi wani babban gwajin titi a Amurka daga 1958 zuwa 1960, aka gano cewa in nauyin da ke kan ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Motarka ba ta yi wa titin nan komai ba, Malam Sale. Tirelolin da ke ratsowa ta cikin unguwa da lodi fiye da ƙima su ne. Hana su bi ta nan ba ya cin ko sisi a kasafin kuɗi, doka ce kawai da mai tsare ta.

Sale Direba: Injiniya, na ji. Amma kafin a gama kwatarka ni da me zan ci abinci?

Injiniya Kabiru: A cike ramuka yanzu, wannan aikin 'yan kwanaki ne. Sabon titi ne na ce a jira.

Anti Rabi: Salamu alaikum. Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙonni sun taru. Ni a asibitin sha-ka-tafi nake, kuma za ku yi zaton asibiti zan ce. Ruwa zan ce, kamar Maman Ilham. Yaran da ake kawo mana da amai da gudawa, in ka tambayi uwar inda suke ɗiban ruwa, amsa kusan ɗaya ce. Mu ba su ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, su warke, su koma su sha ruwan da ya kwantar da su, su dawo. Tun 1854 aka san wannan. Kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, wani likita John Snow ya bi gidajen da aka yi rashi ɗaya bayan ɗaya, ya ga famfo guda suke sha, ya sa hukuma ta cire hannun famfon.

Kuma akwai ma'auni. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, in zuwa ɗibar ruwa da bin layi da dawowa ya wuce minti 30, ba a lissafa gidan cikin masu samun ruwa yadda ya kamata. Ku auna layin da Maman Ilham ta faɗa da wannan.

A asibitin kuwa ba gini muke nema ba, don Allah kada a ƙara mana ɗaki. Wuta muke nema. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in firji ya mutu ta lalace. Na karɓi haihuwa da dare, 'yar rakiya na riƙe mini fitilar waya, batirin ya kusa ƙarewa, tana kashewa tana kunnawa don ya kai mu. Sola da batir masu kyau, da ungozoma ta biyu don a riƙa kwana, sun fi mana sabon fenti.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Anti. Ai ni ce ɗaya daga cikin masu dawowar.

Baba Ɗanjuma: 'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aiki a ofishin kuɗi na hukuma har na yi ritaya, na ga kasafi iri-iri. Kasafin kuɗi gida biyu ne. Akwai na yau da kullum: albashi, alawus, mai, takarda, gyare-gyare. Akwai na manyan ayyuka: gini, titi, sabuwar rijiya. Albashi ne ke fara cin nasa, domin ma'aikaci zai yi ƙara in bai gani ba. Abin da ya rage shi ake kokawa a kai.

To, a wannan kokawar gyara ne maraya. Sabon aiki yana da kwangila, yana da ranar buɗewa, yana da allo da suna. Wanda ya canza robar famfo ba wanda zai ɗauke shi hoto. Shi ya sa za ku ga an haƙa sabuwar rijiya taku kaɗan daga matacciya, alhali abin da ya kashe ta farkon bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar ba. Na ga takardun da idona. A rubuta kuɗin gyara a kasafi, tsakiyar shekara a karkatar da shi zuwa wani abu da aka ce na gaggawa ne, kuma kullum akwai na gaggawa.

Shawarata, kada ku rubuta "ruwa". Kalma ɗaya kowa zai fassara ta yadda ya so, za a ba ku sabuwar rijiya guda a ce an cika alkawari. Ku rubuta: a gyara rijiyoyi kaza da ke wuri kaza da kaza, a ware kuɗin kula da su a layi na daban, a faɗi sunan ma'aikacin da za a kira in sun tsaya.

Injiniya Kabiru: Baba ya gama magana. Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 1988 kan titunan ƙasashe 85 masu tasowa. Ya ce titunan da suka lalace za su ci kusan dala biliyan 45 kafin a sake gina su, alhali da an kashe ƙasa da biliyan 12 wajen gyara a kan lokaci da ba a kai ga haka ba.

Garba: Kun ga ni. Wanda ya zauna a ciki ma ya tabbatar. To me ya sa muke ɓata data?

Baba Ɗanjuma: Garba ɗana, ban ce ba a iya komai ba. Cewa na yi a san inda za a matsa. A duk shekarun da na yi, ba a taɓa samun mutumin gari ya shigo ya ce a nuna masa kasafin da aka amince da shi ba. Masu neman taimako ne ke cika ƙofa. Da an samu mutum goma masu tambaya da takarda a hannu, da wasu abubuwan ba a yi su ba.

Malama Hadiza: Ina jin ku tun ɗazu ba wanda ya ambaci makaranta, sai makarar Ilham. Ba mamaki, ramin titi kowa na ganinsa, yaron da ya kai aji biyar bai iya karanta jimla ba sai uwarsa da malaminsa. Ma'aunin da aka saba ambata shi ne malami ɗaya ga yara 40. Ajina ya ninka haka, na baya ma ba sa jin muryata. Kuma babu banɗaki mai ƙofa, shi ya sa 'yan mata in sun fara girma sai su riƙa ɗauke ƙafa wasu kwanaki a wata, daga nan a daina ganinsu.

Amma maganar Garba ta farko ita ta tsaya mini. A Uganda an bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare don kayan aiki, aka tarar tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makarantun. Sauran yana narkewa a ofisoshin da ke tsakani. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura kowane wata a jarida, aka kuma umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Abin da ya taimaka, iyaye sun san nawa aka turo. Ni zan yarda makaranta ta sauka daga jerin ukun nan in za a sa wannan a madadinta: duk aikin da aka ce za a yi a mazaɓar nan, a liƙa kuɗinsa da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa a inda kowa zai gani.

Nura: Malama, akwai ma wanda ya fi wannan. A birnin Porto Alegre na Brazil, tun 1989 mutanen unguwanni ke taruwa su zaɓi ayyukan da za a yi da wani kaso na kuɗin gari, su naɗa wakilai su bi aikin har a gama. Talakawa suka fi zuwa tarukan, kuma ruwa da magudana suka fi zaɓa. Gidajen da ke da ruwan famfo da magudana sun tashi daga kashi 75 a 1988 zuwa 98 a 1997. Abin da ya bambanta su da mu, su an gaya musu nawa ne a ƙasa kafin su zaɓa. Mu an ce mu kawo uku, ba a ce ga kuɗin ba.

Garba: To, an kai mu Landan, an kai mu Uganda, yanzu ga mu a Brazil. Nura in kun sauka a sayo mana tsaraba.

Injiniya Kabiru: Garba ka bar yaro, ya kawo magana. Sai dai Nura, ƙarasa labarin. Da mulkin birnin ya canza hannu tsarin ya yi ta raguwa, ayyukan da aka zaɓa suka taru ba a yi ba, a 2017 aka dakatar da tarukan. Abin yana tafiya ne muddin mai riƙe da kujera yana so.

Nura: Haka ne Yaya. Amma shekarun da ya yi aiki, bututun da aka binne suna nan.

Musa, ɗan Gwaggo Lami: Salamu alaikum. Gwaggo ba ta rubutu, na karanta mata abin da kuka ce, ga amsarta kamar yadda ta faɗa.

Ta ce a gaishe da Baba Ɗanjuma da Injiniya, maganar gyara magana ce mai kyau ga wanda yake da abin gyarawa. Mu nan bayan rafi ba mu da rijiyar da ta mutu, domin ba a taɓa haƙa mana ba. Ba mu da titin da ya fashe. Ba mu da asibitin da wutarsa ta ɗauke. In aka ce bana gyara kawai za a yi, to kuɗin duk cikin gari zai koma, wurin waɗanda aka yi wa jiya, mu kuma mu sake jira. Ta ce da damina in rafi ya kawo, yara ba sa zuwa makaranta, mara lafiya a kafaɗa ake haye da shi, an taɓa rasa yaro a wurin. Gada ƙarama take nema, ko kwalbati babba. Ta ce kuma a ƙirga mutum nawa ne daga bayan rafi a cikin wannan zauren, ta san ba su kai yatsun hannu ba, amma ranar zaɓe ana sanin hanyarmu.

Maman Ilham: Wallahi jikina ya yi sanyi. Gwaggo ki yi haƙuri, mun manta da ku.

Baba Ɗanjuma: Lami ta kama ni, kuma da gaskiyarta. Amma ku sani, gada ba ƙaramin kuɗi ba ce. Tana iya cinye kason mazaɓar nan gaba ɗaya, ƙila ma ta fi ƙarfin hukumar gari sai an haɗa da ta sama. In muka sa ta a na ɗaya aka ce ba kuɗi, mun tashi a tutar babu.

Injiniya Kabiru: Baba, ya danganta da faɗin rafin da yawan ruwan da yake kawowa. Wani wurin kwalbati mai akwati biyu ko uku ya isa, kuma wannan bai kai gada tsada ba ko kusa. Musa, turo mini hoton wurin ta gefe biyu, ka nuna mini inda ruwa ke kaiwa in ya cika sosai, akwai alama a jikin bishiya ko gaɓa. Zan leƙo da kaina kafin Litinin. Amma ban janye maganata ba. Kwalbatin ma in ba a yashe shi, shekara kaɗan yashi zai cike shi.

Sale Direba: Ni ma in an yi hanyar can zan samu fasinja. Na yarda a sa ta, amma a ƙarƙashin titi 😄

Alhaji Tanko: Duk kun yi magana kan yadda za a kashe, ba wanda ya ce daga ina kuɗin zai fito. Daga jikinmu ne. Mu 'yan kasuwa masu karɓar haraji kala-kala ke zuwa mana, wannan da rasit ɗinsa, wancan da nasa, wani ma ba rasit sai baki. Akwai kuɗin shara a ciki. Bolar da ke bayan rumfunanmu ta kusa kai rufin kwano tsayi. Yanzu in kuka matsa musu da buƙatu, wallahi mu za su dawo wa. Ni buƙatata ɗaya: a haɗe harajin nan wuri guda, a biya ta banki, kada a ƙara ko kwabo sai na ga motar shara.

Maman Ilham: Alhaji, ai mu ma muna biya, ba hukuma muke ba wa ba ne kawai. Abin da nake ba 'yan garuwa a wata, ranar da yara ba su samu layi ba, ya fi abin da masu mita ke biya, su da ruwa ke zuwa har banɗaki. In za a kawo ruwa kullum a ce in biya, da gudu zan biya.

Injiniya Kabiru: Wannan ita ce maganar da hukumomi ba sa ji. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, a 1993 kashi 72 cikin ɗari na ruwan da ake tacewa yana ɓacewa, ta fasassun bututu da haɗin sata da rashin karɓar kuɗi. Aka kawo sabon shugaban hukumar ruwa, Ek Sonn Chan, ya sa mita a gidaje, ya canza bututu, ya tilasta wa manya har da sojoji su biya. Asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa ya koma dare da rana, ya kai unguwannin talakawa. Daga manya ya fara karɓa, ku lura.

Alhaji Tanko: To a fara da manyan. Ni ba babba ba ne.

Garba: Alhaji mai rumfa uku ba babba ba ne, to mu mene ne?

Malam Habu (admin): Garba.

Nura: Alhaji, a Freetown ta Saliyo sun gwada abin da kake faɗa. A 2020, zamanin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, an ƙirga gine-ginen birnin da hoton tauraron ɗan'adam, aka ba kowane gini maki gwargwadon girmansa da irin ginin, haraji ya bi makin. Mai babban gida ya biya da yawa, mai ƙarami kaɗan, kuma ta banki.

Alhaji Tanko: Yaro, in aka ba waɗannan mutanen tauraron ɗan'adam har kajin gidana sai sun ƙirga. Ni na je Kigali, na ga tsafta da idona. Sun hana leda tun 2008, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ke fitowa aikin gayya, har masu muƙami. Leda ita ce ta toshe kwatocinmu. A Accra, 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika gari saboda magudanu sun toshe, mai ya malalo daga wani gidan mai ya kama wuta, mutum sama da 150 suka mutu. Shara ba abin wasa ba ce, amma ba wanda ya sa ta a ukunsa.

Anti Rabi: Alhaji ka sa ta cikin maganar magudana, abu ɗaya ne. Sai dai in gyara wani abu da ake yawan faɗa. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da ya kwanta, irin na ramin titi da sawun taya bayan ruwan sama. Na baƙar kwata ya fi cizo da hana barci. Kwana 7 zuwa 10 ya ishi ƙwai ya zama sauro. Don haka ramukan Malam Sale ma matsalata ce.

Sale Direba: Alhamdu lillahi, asibiti ta dawo layina.

Zainab: Ku yi haƙuri in katse ku. Mu masu dawowa daga aiki bayan isha, fitilun titi ne damuwarmu. An kafa masu sola, ba a jima ba aka sace batiran wasu, sauran suka mutu. Daga bakin babban titi zuwa gida waya nake ɓoyewa a cikin takalmi. An ƙwace ta ƙawata a daidai wurin. Ban ce a sa a na ɗaya ba, amma a sa a cikin abin da za a gyara.

Injiniya Kabiru: Ƙanwata, wannan mai sauƙi ne. Akwai waɗanda batirinsu ke sama a jikin fitilar, ɓarawo sai ya hau. A rubuta irin su ake so.

Malam Iro: Ni mamaki kuke ba ni. Kakanninmu ba su jira hukuma ba. Mu yi karo-karo mu gyara rijiyar, mu fito mu yashe kwata, a wuce wurin.

Garba: Mu haƙa rijiya, mu yashe kwata, mu yi gadi, mu biya malamin sa-kai, sannan mu biya haraji. Ita hukumar aikinta yanka kintinkiri?

Malama Hadiza: Malam Iro da Garba, kowannenku ya riƙe rabi. A unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan, daga 1980, wani masani Akhtar Hameed Khan ya taimaka wa mutane suka gina magudanar layukansu da kuɗinsu da ƙarfinsu, layi-layi. Amma an yi rabo a fili: na cikin gida da na layi na jama'a ne, babbar magudanar da za ta kwashe duka ta hukuma ce. In muka yashe kwatar layinmu, babban kwalbatin bakin titi yana toshe, ruwan gidan wani zai koma. Mu yi namu, mu rubuta nasu, kada aikin gayyarmu ya zama hujjar da za su ce an riga an yi.

Malam Iro: To ni dai Asabar da safe zan fito da shebur. Mai zuwa ya zo.

Malam Habu (admin): Jama'a dare ya yi. Ga abin da na tattara, ku duba. Na ɗaya, gyaran matattun rijiyoyi da sunan wurarensu, da sabuwa guda a bayan rafi, da kuɗin kula da su a layi na daban. Na biyu, mahayin rafi, gwargwadon abin da Injiniya ya gani. Na uku, yashe magudanu da kwashe bola da cike ramuka. A ƙasa zan ƙara sharaɗi: a liƙa kuɗin kowane aiki da sunan mai yin sa, a kuma ba mu amsa a rubuce kan buƙatun bara.

Anti Rabi: Solar asibiti fa? Na ba ruwa gurbina, ban ce a jefar da ni ba.

Zainab: Da fitilu.

Malama Hadiza: Banɗakin 'yan mata ko a ƙasan takarda ne.

Baba Ɗanjuma: Kun ga yadda kasafi ke kumbura ke nan. An ce uku, kun cusa bakwai a cikin uku, yanzu ana neman goma. In takarda ta yi yawa, kun ba su damar su zaɓi mai sauƙi su bar mai wuya. Habu, solar asibiti da banɗaki a rubuta su a wasiƙa daban zuwa sashen lafiya da na ilimi, suna da nasu kason. Kuma sharaɗin nan na ƙasa, a mayar da shi sama. Wanda ke ƙasa ba a karanta shi.

Garba: A karon farko an sa maganata a sama. Duk da haka ina nan a kan bakata, ba za su amsa ba.

Baba Ɗanjuma: In ba su amsa ba, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan namu. Baɗi da shi za mu shiga.

Sale Direba: Wato titi ya koma rabin na uku. Ban yarda ba, a yi ƙuri'a.

Musa, ɗan Gwaggo Lami: Gwaggo ta ce in ƙuri'ar waya ce ba ta yarda ba, ta san sakamakon tun yanzu. A yi taro a fili, za ta zo da mutanenta.

Malam Habu (admin): To Asabar bayan isha a filin makaranta.

Maman Ilham: Bayan isha wace macen za ta fito? Kuma 'yan bayan rafi su koma a cikin duhu? A yi bayan la'asar.

Alhaji Tanko: La'asar muna kasuwa.

Anti Rabi: Ni ina aiki Asabar gaba ɗaya. Zainab, ki riƙe mini maganar sola, zan turo miki abin da za ki faɗa.

Malam Habu (admin): Lahadi ƙarfe huɗu da rabi. Alhaji a bar yaro a rumfa. Nura kai ne sakatare, ka zo da takarda da biro. Injiniya a kawo mana lissafin kwalbatin ko da na ƙiyasi ne. Malam Sale, za ka iya ɗauko Gwaggo da tsofaffin can daga bakin rafi?

Sale Direba: Zan ɗauko su. Amma hannuna na titi ne, kowa ya sani.